Kifin Amana a Zauren Baba

Jikata ce ta buɗe wani ɗan gwangwani a falo rannan, ƙarnin abin da ke ciki ya bugi hancina, sai da na ajiye carbin da ke hannuna. Abincin kifi ne. Ta sayo jajayen kifin nan na ado a wani shago a unguwar Mokola, an ƙulla mata su a leda, tana ta murna tana duba yadda ake kiwonsu a waya. Na ce ta rufe gwangwanin ta kai ɗakinta. Ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ita ban yi mata bayani ba, amma kai zan yi maka, ko na rage abin da ya daɗe yana cina.

A Sabo aka haife ni, unguwar Hausawa nan cikin Badun. Babanmu maigida ne a harkar goro. Fatake daga Arewa a wurinsa suke sauka, ya ba su makwanci da abinci, ya ajiye musu kayansu, ya tsaya musu wajen ciniki da Yarabawa. Abu biyu aka san shi da su, kuma da su yake tunƙaho: ba a taɓa ba shi ajiya ta yi ciwon kai ba, ba kuma wanda ya taɓa kwana da yunwa a gidansa. Zaurenmu kullum ƙamshin ɗanyen ganye yake yi da na jiƙaƙƙen kwando, ga akussan tuwo suna fita cike suna komawa wayam.

Ni kuwa tallan goro nake kaiwa Mokola, a can na yi ƙawa. 'Yar akawun tashar jirgin ƙasa ce, wanda yake auna huhunan goron Baba kafin a loda su zuwa Arewa. Ibo ne, amma ya daɗe yana aiki a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ɗan gida. Ni da 'yarsa da Yarabanci muke hira. A ɗakinsu na fara ganin akwatin gilashi cike da ruwa, da tsakuwa a ƙasa da wata ciyawa mai laushi, da kifi huɗu masu launin manja suna yawo a hankali, jelarsu tana binsu kamar mayafi. Nakan ajiye faranti in durƙusa ina kallo har goron ya fara bushewa, in koma gida in sha faɗa. Ita ta koya mini yadda ake kula da su. Abinci ɗan abin da yatsu biyu suka tsinto, sau ɗaya a yini. Ruwan famfo sai ya kwana a bokiti maganin da ke ciki ya fita. Ba a zubar da tsohon ruwa duka, kaɗan ake ɗiba a mayar da sabo. Ta ce abin da za a fi kiyayewa shi ne bakinsu, don kifin nan ba su san sun ƙoshi ba.

Sai shekarar da aka yi kashe-kashe a Arewa ta zo. Mu a Sabo tsoro ya kama mu, su ma a Mokola tsoro ya kama su, kowa yana kallon kowa. Wata safiya cikin damina, ana yayyafi, sai ga akawu a ƙofar gidanmu da 'yan dako biyu sun tallabo akwatin gilashin, ruwan yana tangal-tangal. Ƙawata tana bayansu, rungume da gwangwanin abincin.

Ya ce, "Alhaji, don Allah ka riƙe mini wannan, Gabas za mu koma. Na yarinya ne, mota ba za ta ɗauka ba. In ƙasa ta lafa za mu dawo."

Baba ya kira baƙin da ke zaure suka shaida, kamar yadda yake yi in an ba shi ajiyar kaya. Ya ce, "Oga akawu, amana ce. Yadda ka bar su haka za ka same su, in Allah ya yarda."

Ƙawata ta danƙa mini gwangwanin, ta ɗaga yatsu biyu ta haɗa su a gaban idona. Ba mu yi wata sallama ba, don mu a zatonmu kafin goron bana ya ƙare sun dawo.

Aka ɗora akwatin kan benci a zaure, inda kowa zai ga Alhaji yana riƙe da amanar Ibo a lokacin da wasu ke wawashe kayansu. Da fari komai lafiya. Ni nake ba su abinci, ni nake kwanar da ruwa, Baba har yakan ce a bar yarinya da aikinta. Da gwangwanin ya ƙare na koma murmusa musu busasshen burodi da ɗan garin jatan lande, suka karɓa. Haka muka ci rani guda da damina.

Abin ya lalace ne bayan yaƙin basasa ya kankama, rediyon zaure ya fara kawo labarin yunwa a Gabas. In ka taɓa tsayawa gaban irin kifin nan ka san halinsu: da sun ga inuwar mutum sai su taso sama suna buɗe baki, ko yanzu suka ci. Wani baƙo mai fataucin shanu ya gama cin tuwo, ya dube su, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe kai ma ka shiga yaƙin? Can an tsare Ibo da yunwa, nan ma ka tsare kifinsu."

Zaure ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba. Na ga fuskarsa ta canza, ya gutsuro lomar tuwo daga akushinsa ya jefa cikin ruwan da hannunsa.

Daga ranar duk wanda ya ci abinci a zaure sai ya ba kifi rabonsu. Wannan ya jefa tuwo, wancan waina, wani teba, wani ƙuli-ƙuli, har da mai tauna goro ya tofa musu wai su ma su ɗanɗana. Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta fi kowa. Takan fito da ludayin koko da sassafe ta tsiyaya musu, tana cewa bayin Allah, marayu. Na yi magana, na yi kuka, na nuna yatsu biyu kamar yadda aka nuna mini. Kaka ta ce, "Ke rufe mana baki, ja'ira. Rowa a gidan nan? So kike a ce ɗana ya kashe amana da yunwa?" Baba kuwa ko kallona bai yi ba. Maganar mai shanu ta fi tawa nauyi, don shi namiji ne kuma baƙo, a gaban mutane kuma ya faɗe ta.

Ruwan ya yi fari kamar tsarin kamu, sannan ya fara wari. Da Kaka ta ga haka sai ta sa aka juye shi duka, ta wanke gilashin da soso da sabulun salo har yana ƙyalli, ta cika shi da ruwan famfo nan take. Kashegari biyu suka taso sama a kife, cikinsu a kumbure. Ba a jima ba na uku ya bi su. Aka ce kwanansu ne ya ƙare.

Na huɗun na sace shi. Na kamfato shi da ƙwarya na kai bayan ɗakin girki, na sa shi a wata tsohuwar randa da na tara wa ruwan sama, na rufe da faifai. A can ya warke. Nakan ɗaga faifan in gan shi yana juyi cikin duhu, in ce masa ya yi haƙuri, mai shi tana nan tafe. Wannan ɗayan nake so in miƙa mata in ce ga abin da na iya. Amma gidan yawa ba ya riƙe sirri. Baba ya ji, ya ce amanar da aka karɓa a gaban shaidu ba za a ɓoye ta a randa kamar kayan sata ba. Aka mayar da shi zaure. Kaka ta dube shi ta ce kai, ya rame, ta koma ciki ɗauko ludayi. Bai ga ƙarshen daminar ba.

Bayan an gama yaƙi, ina gab da aure, wata ranar zafi akawu ya yi sallama a zaure. Da ƙyar na gane shi. Kwat ɗin da na san shi da ita ce a jikinsa, amma ta zama kamar ta aro. Baba ya sa aka fito da akwatin, a wanke, naɗe cikin buhu, tsakuwar ma an ƙulle ta a tsumma. Ya daɗe yana kame-kame, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, sannan ya ce, "Oga akawu, Allah ya karɓi abinsa. Amma wallahi ba yunwa ce ta kashe su ba. Ga mutane nan ka tambaya, kullum sai sun ci sun bari."

Akawu ya gyaɗa kai. Ni ina raɓe a bakin ƙofa, na kasa daurewa, na tambaye shi ina ƙawata.

Ya dube ni ya ce, "Ita kam yunwa ce."

Kaka ta aiko da tuwo, ya zauna ya cinye tas, ya wanke hannu, ya yi godiya. Bai ɗauki akwatin ba, ba mu kuma sake ganinsa ba.

Yau zauren nan shagon sayar da waya ne. Fataken goro sun daina kwana a gidan kowa, ajiya kuma ba mai ba ka sai da takarda da lauya. Baba da Kaka sun daɗe a ƙasa, ina yi musu addu'a, don ba mugaye ba ne, kunyar bakin mutane ce ta fi ƙarfinsu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda labarin ya rayu. Har yanzu in an taru a gidan suna ko na rasuwa a Sabo, aka zo zancen mutanen da, sai wani tsoho ya nuna ni ya ce wannan 'yar Alhaji ce, mai karamcin da ko kifin Ibo a gidansa sai da ya ci ya bari. Sai a ce Allahu akbar, a yi masa addu'a. Ba wanda ya taɓa tambayar kifin na wace ce. Nakan ce amin, in laluba takalmina in fita.