Cigiyar Abin da Ban San Sunansa Ba

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, ruwa ɗaya tak aka yi mai ƙarfi, shi ma sai da lokacinsa ya wuce. Rafin da ke bayan gonakinmu ya cika ya tumbatsa, washegari ya janye ya bar yashi da karmami. Na je duba ko ya ci mini kunyoyi, sai na ga wani abu kwance a kan yashin.

Dunƙulalle ne kamar ƙaramin duma. Jan ƙarfe ne amma ba nauyi, da guntun sandar ƙarfe a jikinsa. Na daɗe ina zagaya shi kafin na taɓa shi da ƙotar fartanya. Na girgiza, na shinshina, ban fahimci komai ba. Ba baki, ba murfi, sai wani siririn layi da ya kewaye cikinsa.

Ɗaukarsa da na yi kuwa na jawo wa kaina aiki, domin tsintuwa ba ta halatta sai an yi cigiya shekara guda. Na tafi wurin limaminmu.

"Malam, yaya ake cigiyar abin da ba a san sunansa ba?"

Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce. "Faɗi inda ka same shi kawai. Mai shi ne zai siffanta."

Haka na riƙa tsayawa kowace ranar kasuwa ina cewa, "Jama'a, wa ya yar da wani abu a rafi?"

"Ni na yar da saniya," in ji wani mahauci. "Ita ce?"

Aka yi ta dariya. Maƙerinmu ya ce tulun turaren Larabawa ne. Wani tsohon soja ya ce ko mene ne, kada in kai shi kusa da wuta. Maganar nan ta hana ni sukuni, na naɗe shi a buhu na rataye a rumbu, tunda dama ba komai a ciki.

Matata ce kaɗai ta san amfaninsa. "Maigida, duma bai yi ba bana, ludayinmu kuma ya tsage. A raba shi biyu mana."

"Ba namu ba ne."

"To na wa ne? Na kifi?"

Ana cikin rani wani mai gyaran famfo, mutumin Barno da ya daɗe a Kano, ya ji cigiyata a kasuwa ya ce in nuna masa. Yana gani ya yi murmushi.

"Malam, ai ƙwallon tanki ne. A kan ruwa yake yawo. Idan tanki ya cika, sai ya taso ya toshe bakin famfo."

Sau uku na sa ya maimaita. Ashe akwai abin da aikinsa kawai ya ce ruwa ya isa haka! Ya ce akwai tankin shayar da shanu can saman rafin, tafiyar rabin yini.

Na tafi a ƙafa. Na tarar da tankin ya faɗi, wani dattijo mai gadi na zaune a inuwarsa.

"Baba, ga kayanku ruwa ya kai mana."

Ya dubi ƙwallon, ya dube ni. "Ɗana, tun kafin ya faɗi rabonsa da cika an daɗe. Me wannan zai toshe? An bar mini tarkacen in yi yadda na ga dama. Na ba ka."

Ban tafi ba sai da na kira wani makiyayi ya tsaya shaida, Baba ya sake faɗa a gabansa.

Ranar da maƙeri ya raba shi, ina tsaye a kansa, nesa da wutar, don in ga cikinsa. Ba komai sai ɗan ruwa, bai fi cokali ɗaya ba. Ludayi biyu suka fita. Da su muka sha kunu har damina ta dawo.