Buhun Shinkafar Mai Takaba

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina cikin mawaƙan ikkilisiyarmu a Haɗeja, amma baki kawai ke waƙa. Tunda maigidana ya rasu na daina addu'a. Haushin Allah nake ji, ba zan ɓoye ba. Matar fasto ce ta matsa mini in bi ayarin da zai kai agaji ƙauyukan da ambaliya ta cinye a bayan Guri, wai ko zuciyata za ta farfaɗo. Na bi ne don ta ƙyale ni.

A kwalekwale muka isa, da buhunan shinkafa da gidajen sauro. Gonaki duk sun zama tafki, mutane sun koma kan tudu sun kafa rumfuna da zana da leda. Shugaban tafiyar wani dattijon ikkilisiya ne mai son a yaba masa. Ya damƙa mini wayarsa, ya kafa doka cewa ba mai karɓar buhu sai ya fito ya rungumi buhun an ɗauke shi hoto, don masu ba da taimako su gani. Na yi ta ɗauka. Magidanta masu furfura, waɗanda a bara su ke ciyar da baƙi, suna tsaye suna kallon ƙasa, shi kuwa yana ce musu su yi murmushi. Haba!

Sai wata tsohuwa ta matso ta ce mini akwai surukarta a rumfar ƙarshe, mijinta ya nitse da kwalekwale wajen kwaso hatsi, tana takaba, ba za ta fito gaban maza ba. 'Ya'yanta tun jiya ruwan ƙanzo kawai suka sha. Ta roƙi a ba ta buhun ta kai mata. Na faɗa wa dattijon. Buɗar bakinsa sai ya ce doka doka ce, in yunwar gaske take ji za ta fito, kuma hoton gwauruwa ma ya fi taɓa zuciyar masu bayarwa. Kai! Na tambaye shi a gaban kowa ko Yesu ya taɓa cewa a tsaya a ɗau hoto kafin ya raba gurasa. Ya ce in kama bakina, ni ba kowa ba ce a tafiyar nan. Na dangwarar masa da wayarsa a kan kwali, na sunkuya, tsohuwar ta aza mini buhu a ka, na wuce yana ta kirana.

Na sami mai takabar zaune a tabarma, lulluɓe da tsohon zane, yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba. Na sauke buhun na yi mata gaisuwa. Ban san yadda aka yi ba na ce mata ni ma nawa ya tafi. Ba ta tambayi addinina ba. Ta kama hannuna ta ce Allah ya ba mu haƙuri ni da ita, ya raya mana marayunmu. Na ce amin, kuma wannan ce amin ta farko da ta fito daga cikina tun ranar jana'iza. Muka yi kuka har tsohuwar ta ɗora tukunya.

Da muka dawo aka cire ni daga kwamitin matan ikkilisiya, wai na yi wa babba rashin kunya. Ranar Lahadi aka haska hotunan a bangon majami'a, jama'a na tafi. Ni na san kowace fuska, don da hannuna na ɗauke su, kuma har yau ina jin zafin shirun da na yi tun safe a ranar rabon.

Addu'ata ta dawo, amma fushina bai tafi ba, ban kuma roƙi Allah ya ɗauke shi ba. Ku masu fita aikin Ubangiji, ku tambayi al'adar mutane kafin ku buɗe buhu. In kyautarku sai an sunkuyar da kan mutum ake karɓarta, ku zauna a gida da abinku. A duk hotunan nan babu na matar, kuma 'ya'yanta sun ci tuwo ranar.