Ranar da mai unguwa ya shigo ɗakin ɗaukar muryata

Ina tsaka da ɗaukar murya bayan Azahar sai na ji sallama. Ina buɗe ƙofa na ga mai unguwarmu da 'yan sa-kai biyu, ba mai fara'a.

Ɗakin ajiyar hatsinmu ne a Talata Mafara na gyara. Na manne kwalayen ƙwai a bango, na toshe taga da tsohuwar katifa, na sayi makirfo na hannu. Wasan rediyo nake ɗauka, kuma ɗan bindiga aka ba ni in fito.

Ashe maƙwabcina ne ya kai ƙara, don ya ji ina cewa, “Mun san inda shanunka ke kwana.”

Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba, mai unguwa ya ce, “Kai da wa kaka magana cikin ɗakin ga?”

Na ce, “Baba, wasa ne. Saurara ka ji.”

Na sa masa abin ji a kunne. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba. Ya cire, ya dube ni.

“Na yarda wasa ne. Amma muryar ga ta mutanen daji ce sak. Ina ka koyo ta?”

Na faɗa masa a waya na ji ta, lokacin da suka ɗauke yayana a hanyar Maradun. Ya san da maganar, don shi ya ja mana addu'ar da aka yi wa yayan nawa.

Yanzu ƙofa a buɗe nake aiki. Gara kukan akuya ya ɓata mini sauti da a ce ni infoman 'yan bindiga ne.

Ku da kuke nan garin, kun ga laifinsu?