Kebul ɗin Bayan Kwabar Inna

Shekarar da Yayana ya sa mana sola a gidanmu na Kakuri, ni na zama 'yar sandar wuta, ba kuma wanda ya naɗa ni. Mu biyu ne a gidan tun da Baba ya rasu, ni da Inna, kuma saboda ita aka yi aikin. Ciwon suga ya kai ta ga allura safe da yamma, kwalaben allurar nan kuwa ba sa shiri da zafi, dole su zauna a firiji. Yaya yana aiki a Legas, yakan aiko da na wata uku lokaci guda, in jera su a ƙaramin firijinmu na falo. Wutar gari kuwa kowa ya san halinta, ta zo da safe ta tafi kafin ka gama wanke fuska.

Wani injiniya ya zo ya shimfiɗa farantai a kan rufi, ya ajiye batura biyu a lungun falo, ya kafa wani farin akwati a bango, ya ce sunansa inbata. Ya ce in aka ɗauke wutar gari, akwatin zai mayar da gidan kan batir, ko ƙiftawa ƙwan fitila ba zai yi ba. Baturan kuma za su riƙe firiji da fanka har gari ya waye, muddin ba mu jona musu dutsen guga ko hita ba. Kafin ya tafi ya sa mini wata manhaja a wayata. Zare biyu ne ke tafiya a fuskarta: kore, wato abin da rana ke ba mu, da ja, abin da gidan ke ci.

Wallahi abin nan ya shiga raina. Ina koyarwa a wata makaranta a Barnawa, da na fito daga aji sai in zaro waya in leƙa gidanmu daga nesa. Cikin sati biyu na gane sawun kowane abu. Firiji ya ɗan ɗaga jan zaren, ya sauke, ya sake ɗagawa. Fanka kwance take tafiya, ba ta da hayaniya. Hita kuwa tsalle take yi sama kamar an taka wutsiyar mage. Wata rana na ga tsallen, na buga wa Inna.

"Inna, hita kika jona ko?"

Ta ce, "Ke, aljani ne a wayar nan taki? Ruwan alwala kawai nake ɗumamawa."

Muka yi dariya, ta cire. A lokacin abin wasa ne.

Da bazara ta shigo, wasa ya ƙare. Wata safiya na fito na tarar da inbata yana kuka ƙii-ƙii, firiji ya yi tsit, ruwa ya taru a ƙasansa. Na taɓa kwalaben allura, ɗumi. Na ce ƙila tsautsayi ne. Bayan kwana biyu aka sake, aka kuma sake. Awon sugan Inna ya fara hawa ya ƙi sauka, ga kasala, ga yawan shan ruwa. Malamar asibitin da ke duba ta ta tambaye ni inda muke ajiye maganin. Da na ba ta labari ta ce maganin da ke ta shan zafi da sanyi ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma ido ba ya gani, jikin mara lafiya ne zai nuna. Ta sa muka zubar da sauran. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda suga ya kwantar da wata gwaggonmu.

Yaya ya wanke injiniya tas ta waya. Mutumin ya zo ransa a ɓace, ya gwada batura, ya hau rufi ya sauko, ya ce kayansa lafiyarsu ƙalau.

"Malama, akwai abin da ke cin wuta a gidan nan, babba kuma. Ku dai ku faɗi gaskiya."

Nan na hau shi. "Gaskiyar me? Injin niƙa ka gani a ƙarƙashin gado? Mata biyu ne a gidan nan da rediyo ɗaya!"

Ya tafi, ni kuma na zauna ina huci. Da na huce sai na koma kan zaren, ina jan kwanakin baya ɗaya bayan ɗaya. Ashe mutumin yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Akwai wani sawu da ban sani ba. Jan zaren yakan haye sama ya zauna can, shimfiɗe kamar tebur, awa da awanni, ya fi ƙarfin duk abin da muka mallaka. Ba shi da lokaci, yau da hantsi, gobe da yamma. Na daɗe ina kallo kafin na lura da abu ɗaya: yawanci ba ya hawa sai an ɗauke wutar gari, kuma ba nan take ba, sai bayan 'yan mintuna. To wane irin abu ne a gidanmu yake jira a ɗauke wuta sannan ya ji yunwa? Na tambayi Inna me take kunnawa in ba na nan, ta ce rediyo da fanka, ta kuma ce in daina yi mata tambayar 'yan sanda.

Ranar Asabar na zauna a falo da waya a hannu ina jira. Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Wajen hantsi manhajar ta nuna an ɗauke. Ƙwan falo bai ko motsa ba. Ina zaune, sai na ji an buga bango sau uku daga wajen ɗakin Inna, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na ji Inna ta tashi daga tabarma tana ɗan nishinta, na ji an ja wani abu. Jan zaren ya yi tsalle a tafin hannuna.

Innalillahi! Bugun nan tun ina rarrafe nake jin sa, har kunnena ya daina lissafa shi.

Bangon ɗakin Inna shi ne ya raba mu da gidan Mama. Mama 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, mijinta da Baba tare suka yi aiki a masaƙa tun kafin a haife ni. Wayoyi uku ne a kan falwayar layinmu, gidanmu yana kan ɗaya, nasu yana kan wata, shi ya sa sau da yawa mu samu wuta su rasa, ko su samu mu rasa. Sai mazan biyu suka huda bangon suka zura kebul biyu, ɗaya daga mu zuwa su, ɗaya daga su zuwa mu. Wanda aka ɗauke wa ya buga bango sau uku. In maƙwabci yana da ita ya jona masa, in kuwa shi ma babu, ya buga sau ɗaya a haƙura. Masaƙa ta rufe, mazan duka sun rasu, kebul yana nan bayan kwabar Inna. A ɗaya bakin nasa kuwa babbar firizar Mama ce, wadda take daskarar da zoɓo da kunun aya na sayarwa. Da ita take ci da kanta.

Da can in aka ɗauke ta unguwa gaba ɗaya, Inna ta buga sau ɗaya, magana ta ƙare. Yanzu kuwa ƙwan ɗakinta ba ya mutuwa.

Na faɗa ɗakin kamar zan tashi sama. "Inna! Ashe ke ce? Firizar Mama kike jona wa batirinmu? Shi ya sa maganinki ke lalacewa!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Rage murya, ba sa'arki ba ce ni. Ta buga, na ɗaga kai na ga ƙwai yana ci. In ce mata babu? In yi mata ƙarya da furfurata?"

"Ai ba wutar gari ba ce, ta batir ce, ƙarewa take yi."

"Ni ina na san ta batir da ta gari? Kun kawo abin da ba ya nuna an ɗauke, sannan ku ce laifina ne."

Gaskiya ta faɗa. Shekara talatin da wani abu tsayawar fanka ce ke faɗa mata an ɗauke wuta, mu muka zo muka rufe mata ido. Amma tsoro bai bar ni na sauko ba. Na ɗauko filaya na ce yau zan datse kebul ɗin kowa ya huta.

Inna ba ta tashi ba. Ta ce, "Shekarar da wayarmu ta ƙone a falwaya, muka yi makonni ba wuta, da wutar wa firijin nan ya riƙe allurata? Datse. Amma da bakinki za ki je ki faɗa mata."

Na ajiye filayar na zagaya. Na sami Mama a tsakar gida tana ƙulla zoɓo a leda. Na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na nuna mata zaren na yi mata bayani. Ban kai ƙarshe ba ta saki ledar hannunta, ta shiga ta fizge filogin firizar, ta wuce ni fuu sai ɗakin Inna.

"Hajiya! So kike ki mutu a kan kunun ayata? Me zan faɗa wa Allah? Me zan faɗa wa yaran nan?"

Inna ta ce ita ba yarinya ba ce da za a zo har ɗakinta a yi mata faɗa. Suka yi ta yi, tsofaffi biyu, kowacce tana faɗa don ɗayar. Mama ta rantse ba za ta ƙara buga bango ba. Inna kuma ta yi kwana biyu ba ta amsa mini gaisuwa sai da ka.

Firiji ya daina mutuwa, Yaya ya aiko da sabon magani, suga ya fara sauka. Gidan dai ba daɗi. Ni kuma ban daina leƙen wayata ba, sai dai yanzu koren zaren nake bi. Na lura da safe yakan yi ta hawa, amma da rana ta take, daidai lokacin da zafi ke neman fasa kai, sai ya faɗo ya kwanta a kan ja. Abin ya ɗaure mini kai. Na haɗiye girman kaina na buga wa injiniya, na ba shi haƙuri a gurguje, na ce ina sauran wutar take zuwa?

Ya ce ba ta zuwa ko'ina. In batir ya cika, farantai abin da gida ya nema kawai suke bayarwa, sauran ranar a banza take dukan rufi.

Na ce, "To in aka jona firiza a daidai lokacin nan fa?"

Ya ce ko a jikin batir, in dai an cire kafin rana ta yi sanyi.

Sai da na yi kwana uku ina lallashin Mama kafin ta yarda. Muka yi sabuwar doka: in an kira azahar Inna ta jona, in an kira la'asar ta cire, ba sauran bugun bango. Mama ta ce ai ita ta fi mu sanin lokacin kiran salla, shekarunta nawa tana jin sa ta taga. Ta riƙa lulluɓe firizar da tsohon bargo don ta riƙe sanyi. Haka muka ƙarasa bazara. Ina makaranta zan ga teburin ja ya hau da azahar ya sauka da la'asar, batir kuma cike. Har alfahari na riƙa yi a ɗakin malamai, kamar ni na ƙera ranar.

Sai damina ta yi nisa, aka shiga marka. Iska ta kayar da falwaya a bakin titi, unguwa duka ta rasa wutar gari, sama kuma ta rufe ruf. Koren zaren ya koma rarrafe a ƙasa, batir bai ko kai rabi ba. Na san in firiza ta hau kansa a haka, firiji ba zai ga safiya ba. Na buɗe baki zan ce wa Inna kada ta jona yau, na tuna fuskarta ranar filaya, na kasa. Na tafi makaranta.

Aka kira azahar, ina kallon waya. Jan zaren bai motsa ba. Na ce Alhamdulillahi, Inna ta gane da kanta. Washegari ma haka, rana ta uku ma haka. Da na dawo na ce mata ta kyauta.

"Kyauta me? Kullum ina jonawa, yau ma sai da aka kira la'asar na cire."

Na ajiye jakata na zagaya gidan Mama. Ana yayyafi. Na same ta durƙushe a bakin kwata tana farke ledojin kunun aya ɗaya bayan ɗaya tana zubarwa, tsaminsa ya cika tsakar gidan. Firizar a buɗe take, an wanke ta, filoginta a rataye a ƙusa.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

Ta nuna sama da haɓa. "Ba ni da waya irin taki, 'yata, amma ina da ido. Wace rana ce a nan da za ta ɗauki firiza?" Ta farke wata ledar. "Kada ki kuskura ki gaya wa Hajiya. In ta ji, cewa za ta yi a cire firijinta a bar firizata, kin san halinta."

Na tsaya a kanta, kunya ta rufe ni. Ta ce in wuce in ba ta wuri, ruwa na dukana.

Na koma gida lokacin allurar yamma ya yi. Na buɗe firiji na ɗauko kwalbar, Inna ta karɓa ta ɗora a kumatunta.

"Kin ji sanyi ƙarara? Ga Mama can ita ma tana sayar da kununta. Da na bar ki da filayar nan, da yanzu kin jawo mana abin kunya."

Na ce, "Haka ne, Inna." Na karɓi kwalbar na zuƙi maganin, na ce ta ɗaga rigarta.