Tsumman da Baba Ya Ɗaura wa Gallaya

Har yau idan buta ta fara fito a kan wuta sai in tashi in kashe, ko ruwan bai gama tafasa ba. Ƙanwar Umma da muke zaune a wurinta a unguwar Zahir ta gaji ta daina tambaya.

Da na gama sakandare a Kano na zo umara, na iske iyayena a unguwar Nakkasa a nan Makka, ban koma ba. A ƙasan gidan da suke haya akwai gareji wanda mota ba ta taɓa shiga ba, don lungun ya yi mata ƙunci. Nan Baba yake wanki da guga: haramin alhazai da zannuwan gado na ƙananan masaukan unguwar Jarwal. Ni ce mai ninki.

Sana'ar duk ta rataya ne a kan wata tsohuwar tukunyar ƙarfe da ta fi ni tsawo, ana hura mata itace ta ƙasa, ta ba da ruwan zafi da tururi. Gallaya muke ce mata. Makka ba garin sanyi ba ce, amma akwai 'yan makonnin da iska ke gangarowa daga dutse da sassafe. Lokacin garejin kan yi ɗumi, Baba ya jawo kujera kusa yana murza gwiwoyinsa, yana tsokanata wai wannan tsohuwar ta fi 'yarsa tausayinsa.

Itacenta kuwa ƙofofi ne da tagogin gidajen unguwarmu da hukuma ke ta rushewa. Baba kan ɗauko su a kafaɗa, kafin ya sa gatari sai ya ambaci masu gidan ya yi musu addu'a.

A saman gallaya akwai wani ɗan baki. Idan tururi ya yi mata yawa, ta nan take fitarwa, da wani dogon fito mai shiga kunne. Da unguwa na cike ba wanda ke ji, hayaniyar yara ta shanye shi. Da aka kwashe maƙwabta, sai ya zama fiton na ratsa fili har titin ƙasa, inda motar masu duba takardu kan tsaya. Mu kuma ba wanda ke da iƙama, takardar izinin zama. Duk sanda ta yi fito Umma kan saki abin da ke hannunta ta tsaya cak.

Wata safiya na ga Baba ya yagi gefen wani tsohon harami, ya cusa a bakin, ya naɗe da waya tam. Na tambaye shi to tururin ta ina zai fita.

Ya ce, "Ta koyi haɗiyewa mana, ya binti. Mu da muke haɗiyewa tun kafin a yaye ki, wa ya fashe?"

Na yi dariya. Shi ma ya yi.

Ran da abin ya faru ina bakin ƙofa ina kakkaɓe zani. Ba wata ƙara mai girma ba ce, kamar dai an yaga yadi. Gefen gallaya ya tsage, garejin ya yi fari fat. Na kasa kunne in ji ihunsa, ban ji komai ba. Da tururin ya lafa na gan shi a durƙushe, ya cusa harami a bakinsa ya datse da haƙora, fatar hannunsa ta saɓule. Na buɗe baki, ya girgiza mini kai. Da ya iya magana, abin da ya fara faɗa shi ne, "Rufe ƙofar."

Umma ta roƙe shi a je asibiti har muryarta ta dushe. Ya ce daga ƙofa za a tambayi takarda, a kwashe mu gaba ɗaya. Muka shafa masa zuma, muna yi masa fifita. Ko nishi sai ya juya fuska cikin matashi yake yi. Kafin Juma'a ta zagayo ya cika. Ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

An rushe gidan bayan mun tashi. Na koma sau ɗaya da rana tsaka. Bango babu, ƙofar ma wani ya ɗauke. Gallaya na tsaye cikin ɓaraguzai, tsumman na nan a bakinta, wayar ko sassautawa ba ta yi ba. Na kai hannu in kwance, yatsuna suka ƙi.