Shekarar da Baba Isaiah Ya Kushe Kansa

Shekara talatin da uku Baba Isaiah ya yi a ɗakin ajiyar fayil na ma'aikatarmu, wani ɗaki mai taga ɗaya can ƙarshen baranda. Kullum daga unguwar Herwagana yake tahowa a keke. Matarsa Selina ta daɗe da rasuwa, 'ya'yan kuma kowa ya kama gabansa. Kafin ka rufe baki da faɗin lambar fayil ya miƙo maka shi, amma ba mai zama hira a wurinsa. A karɓa ne a wuce.

Duk ƙarshen shekara ana raba fom ɗin auna ƙwazon ma'aikata. A ƙa'ida shugabanka ne zai zaunar da kai, ya gaya maka inda ka kyauta da inda ka gaza, ya rubuta da hannunsa. Daraktanmu Alhaji Bappayo kuwa ba shi da mugunta, son jiki ne ya yi masa katutu. Sai ya ce, "Baba, ai ka fi ni sanin kanka. Cike har da ɓangarena, in sa hannu."

Haka dattijon nan ya yi ta yabon kansa shekara da shekaru, alhali ya san yabon kai jahilci ne. Abin yana ci masa rai. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, ko faɗa ne a yi mini. A ce ga abin da na ɓata."

Shekarar da zai yi ritaya, sai ya rubuta a gurbin ra'ayin shugaba: "Wannan ma'aikaci malalaci ne, yana ɓatar da fayil, ba shi da wani amfani." Ya kai da kansa, ya tsaya a gaban tebur yana jira a ɗago kai a tambaye shi.

Alhaji yana waya. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Madalla, Baba. Kamar kullum dai ko?"

"Kamar kullum, ranka ya daɗe."

Da Baba ya nuna mini fom ɗin raina ya ɓaci ƙwarai, na ce mu koma a gyara. Ya girgiza kai. Shi da kansa ya huda takardar, ya ɗaura ta cikin fayil mai sunansa, ya mayar da shi kan kanta daidai inda lambarsa take.