Jaririn da Kakata Ta Shayar

Saura mako uku a ɗaura mini aure Baba ya shigo da jaridar nan. Ba wata jarida ba ce, shafi huɗu ce da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Kankia ke bugawa in sun ga dama. A shafin baya wani tsohon hedimasta kan rubuta tarihin gidaje, wa ya haifi wa, daga ina aka taso. Wannan karon a kan gidanmu ya faɗo, kuma rabin rubutun a kan marigayiya kakata ne, mahaifiyar Baba.

Tabarau ɗin Baba ya karye, sai ya miƙo mini. "Karanta muna, ke mai sakandare. Ki ɗaga murya innarki ta ji."

Na karanta. Kakanmu daga Kafin Soli ya taso da rini. Kakata ungozoma ce, rabin unguwa a hannunta suka faɗo. Baba yana ta gyaɗa kai kamar shi aka yaba. Sai na zo kan layin da ya ce har ɗan maƙerin Kusada ta shayar wata biyu, lokacin da uwarsa ta kwanta ciwon nono.

Na tsaya. Wanda zan aura ɗan maƙerin Kusada ne, kuma babansa shi ne maƙerin da kowa ya sani a can. In shi kakata ta shayar, ya zama ƙanin Baba ke nan, baffana. Babu malamin da zai ɗaura wannan aure.

Inna ta ajiye muciya. Baba ya ce shi a lokacin yana gabas karatun allo, bai san komai ba. "A yi haƙuri, a bi a hankali. Zan tura a tambaya bayan Juma'a."

Ranar Litinin ce. Ni ba a halicce ni da jiran Juma'a ba. Na kira saurayin nawa, ya ce shi dai bai tuna nonon wa ya sha ba, ya yi dariya. Na kashe wayar. Hedimastan kuwa, da na same shi a zaurensa, cewa ya yi haka tsofaffi suka faɗa masa, bai tambayi wane ɗa ba. Mutum ya rubuta tarihi bai tambayi wane ɗa ba.

Washegari na ce da Inna zan je kitso, na hau mota sai Kusada. Na san abin kunya ne budurwa ta kai kanta gidan surukai. Na sani sarai. Na shiga.

Na tarar da mahaifiyarsa tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta, ban ko bari ta gama amsawa ba na zaro jaridar na karanta mata layin. Na ce, "Inna, don Allah wane ne cikin ɗiyanki?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ci gaba da tankaɗe. Na sake tambaya. Ta ce, "Ni ban san wanga zance ba," ta tashi ta shige ɗaki.

Na zauna daɓas. Na ce shi ke nan, shi ne, ta kasa faɗa mini ne kawai. Ina zaune a ƙasa ina tunanin wanda zai mayar da lefe, sai na ji dariya daga ƙofar wani ɗaki. Goggonsu ce, yayar babansa, tsohuwa mai haƙori biyu, tana ɓarar gyaɗa.

"Ke amarya ko 'yar sanda? Matso nan. Mi aka koya maku a bokon?"

Na matsa.

"Da mijin naki ne, da yanzu tana nan tana ba ki labari har la'asar, har zawon da ya yi sai kin ji. Wa kika taɓa gani ta buɗe baki a kan ɗan farinta? Ko sunanshi ba ta kamawa."

Na ce ai shi ne babba a gidan.

"Babba a wanda kika gani. Akwai na gaba da shi, tun yaye aka ba kawunshi riƙo, yana Kano yana walda. Ki yi tunani mana. Iyayenta a Kankia suke a lokacin, katanga ɗaya da ku. Wace haihuwa mace ka zuwa yi gidan iyayenta in ba ta fari ba? Ni na je taya ta zaman jego, ni na riƙa ɗaukar jaririn ina kai ma kakarki safe da yamma. Naki nan ɗakin aka haife shi, shekara tara bayan wancan, kuma nonon uwarshi ya sha har ya so ya tsotse ta."

Daga cikin ɗaki na ji uwar ta yi gyaran murya. Goggo ta ɗaga murya ta ce, "Ƙarya na yi?" Aka ce, "A'a, Yaya."

Ban san ina kuka ba sai da tsohuwar ta jefo mini gyaɗa ta ce in ci in bar ɓata masu tsakar gida.

Baba bai yarda da bakina kaɗai ba, kuma yana da gaskiya. Ya je da kansa, shi da liman, suka ji daga goggo da wata tsohuwar maƙwabciyarmu. Liman ya ce wanda ya sha shi kaɗai ya haramta, ƙannensa ba ruwansu. Faɗan zuwana Kusada kuwa na sha shi kwana uku, ban ce uffan ba, abin da Inna ta ce ya fi komai ba ta tsoro.

Ranar ɗaurin aure mai waldar ya zo daga Kano. Baba ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, yana ce masa ƙanina. Ni ma baffa nake ce masa har yau. Mijina ya ce saura ƙiris da shi zan riƙa durƙusa wa haka. Na ce ya gode wa Allah da aka haife shi a makare.

Jaridar tana ƙasan akwatina. A gefen layin na rubuta da biro: ɗan fari.